Sallamar da Baba Ya Ƙi Yi

Babanmu tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ya bar aiki amma bai bar koyarwa ba, mu ƴan gida muka zama ajinsa. Abin da doka ta ce, a wurinsa an gama, ko da ana yin akasinsa a ƙofar gidansa.

Shekarar da aka ce za a tura sojoji ƙetaren iyaka, autanmu yana cikin waɗanda aka ware. Ya zo gidanmu na unguwar Talaje da hantsi cikin kaki, ya durƙusa gaban Baba, ya ce gobe za su tashi, sallama ya zo yi.

Baba ya rage muryar rediyo. "Ku tashi zuwa ina? Majalisa ta zauna ne? Sojan ƙasar nan ba ya tsallake iyaka sai depitoci sun ɗaga hannu. Babu inda za ka."

"Baba, an riga an loda kaya a motocin kamiyo."

"Su sauke."

Inna tana gefe tana ƙulla wa autan kilishi. Ta ce, "Malam, ka sa wa yaron nan albarka, majalisa ta biyo baya." Baba ya ce in ya yi sallama, da bakinsa ke nan ya yarda a taka doka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa depitocin nan ko sunan yaron ba su sani ba, shi kuwa shi ya raɗa masa. Ya ce in je in karanta tsarin mulki.

Ƙanena ya daɗe a durƙushe, hularsa a gwiwa. Da lokaci ya ƙure ya miƙe, ya karɓi ƙullin Inna, ya ce mini, "Yaya, ki kula da su."

Aka kai su bakin iyaka suna jira. Bayan ƴan kwanaki rediyo ya ce majalisa ta zauna, ta amince. Nan take Baba ya ce in kira masa yaron, yanzu sallama ta halatta. Na kira har na gaji, babu rezo inda suke. Don haushi ko kallonsa ban yi ba.

Sai ya sa hula, ya fita ƙofar gida, ya fuskanci hanyar bariki. Na ji yana cewa, "Allah ya yi maka albarka, Allah ya maido mini da kai lafiya."

Babu kowa a layin sai wani garuwa da ke tura kurarsa ta ruwa. Shi ne ya amsa da amin.