Bayan Na Faɗi a Kara

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara isowa gonakinmu na Bakura, ita ce shekarar da na daina koro shanu. Tun ina saurayi sana'ata ke nan: in sayo a rugagen Damaga, in biyo da su a ƙasa ta Dosara, in iso karar Talata Mafara ranar kasuwa.

Wata Talata a kara ina riƙe da igiyar wani bijimi, sai na ji kamar an aza mini dutsen niƙa a ƙirji. Hannuna na hagu ya mutu, gumi ya karyo mini. Ban ƙara sanin inda nake ba sai a gadon asibiti, yayana na gefe yana jan carbi. Likita ya ce ciwon zuciya ne, kuma na auna arziki. Ya hana ni doguwar tafiya da kokawa da dabba, ya hana ni gishiri da kitse, ni da na tashi a gidan mahauta.

Damina guda na yi a zaure. Duk ranar kasuwa nakan ji garke na wucewa ta bayan gidanmu, in gane muryar mai korar, in juya fuskata bango. Abokan sana'a kan zo gaishe ni, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu ta'aziyya.

Da kaka ta yi, sai matata ta sa ƙanenta ya kawo wata ramammiyar maraƙa, aka ɗaure ta a gindin darbejiya. Na ce me zan yi da wannan ƙashi da fata?

Ta ce, "Malam, hutar da zuciya aka ce ka yi, ba a ce ka binne kanka ba. In ba ka ba ta ci ba, a gabanka za ta mutu."

Haushi ya sa na tashi. Na fara takawa a hankali zuwa bakin magudanar ruwan dam da safe, in yanko 'yar ciyawar da zan iya ɗauka, in huta a hanya. Masu noman rani suka riƙa bar mini bambaron shinkafa. Maraƙar ta yi kyau, na ƙara wata. Daga baya maƙwabtan da ke son kiwon turka suka fara zuwa muna shawara, har nakan raka su kara, in tsaya daga bayan shinge.

Damaga kam ban sake zuwa ba. Wani Bafillace da muka daɗe tare ya biyo ta gidana, ya ce ruwan dam ɗin ya shanye wani ɓangare na tsohuwar hanyarmu, yanzu zagaye suke yi. Na tambaye shi tsamiyoyin da muke yada zango a gindinsu, ya ce bai san abin da ya same su ba. Na sa aka dama masa fura, na riƙe shi da tambayoyi har la'asar ta yi sanyi.