Ki Ce wa Babanki

Mai Keke ake ce mata a layin, don tun kafin a buɗe shaguna ake jin ƙarar keken ɗinkinta, kuma har a rufe su bai yi shiru ba. Mace ce mai zafin nama da zafin baki. In kika kawo mata yadi kika ce gobe kike so, sai ta dube ki ta saman tabarau ta tambaye ki ko aljanu kika ga suna taya ta aiki.

Shi kansa tabaran hannunsa ɗaya ya karye, da baƙin zare ta ɗaure shi. Ta ɗinka wa rabin unguwa kayan fita, ita kuwa zanen jikinta ya koɗe har ba a gane furensa. A tsaye take cin abinci, shi ma sai kowa ya ƙoshi. Kujerar ɗinkinta na da gajeriyar ƙafa, ta cusa mata ƙyalle a ƙasa, alhali mijinta kafinta ne, ga shagonsa can a bakin layi. In bayanta ya riƙe aka ce ta je asibiti, amsarta ɗaya ce, wai in ta tafi wa zai kula da yara. Da wannan take tinƙaho, kuma mutanen layi suna zuga ta, suna cewa uwa ke nan.

Ita da Kafinta ba su taɓa yin faɗan da maƙwabta za su shigo rabiya ba. Ina ma sun yi. Tun yaran suna ƙanana, in ya shigo yana magana ƙarar keke ba ta bari ta ji, ita kuma ba za ta tsayar da ɗinkin mutane ba, sai ya ce wa babban ɗansu, "Ka ce wa ummanka a aiko mini da ruwan zafi." Ita ma ba tare da ta ɗago ba sai ta ce, "Ka ce wa babanka gishiri ya ƙare." Babban ya girma ya bar gida, mai bi masa ta gaji aikin, ita ma ta yi aure, aike ya dawo kan Auta. A haka shekaru suka tafi, mutum biyu a gida ɗaya suna magana ta bakin 'ya'yansu, kowa yana ganin ai zaman lafiya ke nan.

Wata safiya malamar Auta ta zo karɓar ɗinki. Tana gwada riga a gaban madubi ta ce abin ya ba ta takaici, yarinya mai ƙwaƙwalwa irin wannan, an ba ta gurbin karatun jinya a wani gari, ta ce ba ta so. Ta ƙara da cewa in ba ta je ba kafin mako ya fita, wani za a ba.

Mai Keke ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Malama na fita ta ƙwala wa Auta kira.

"Ni za ki yi wa haka? Idona ya mutu a kan allura, bayana ya karye a kan wannan gurguwar kujera, ban ci mai kyau ba, ban sa mai kyau ba, duk don ki yi karatu, ki ce ba kya so? Uban me za ki zauna ki yi mini a gida?"

Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta. "Umma, in na tafi wa zai riƙa kai muku saƙo?"

"Saƙon me?"

"Naki da na Baba. Kin san ba yadda kika faɗa nake kaiwa ba. In kin ce in gaya masa ko makaho ne da bai ga famfo na zuba ba, cewa nake yi kin ce in ya samu sarari ya duba famfo. In ya ce abinci ya yi sanyi, cewa nake yi ya gode. Tun ina firamare nake wanke maganarku kafin in kai. Ranar da kuka ji ta yadda take, gidan nan ya watse. Ni na gaji, Umma, amma ina tsoro."

Mai Keke ta buɗe baki, abin da ya fara zuwa mata shi ne "Ki ce wa babanki", sai ta haɗiye shi. Haushi ya turnuƙe ta, ta rasa wanda za ta ɗora wa. Ta ji haushin Kafinta, ta ji na matan layi masu kirarin uwa ke nan, amma wanda ya fi ci mata rai nata ne. Ita da ke cewa ta hana kanta komai saboda yara, ashe kayan da ta ƙi ɗauka ne ta jibga wa yarinya a ka, tana kuma jira a gode mata.

Ta kashe keken da rana tsaka, abin da layin bai saba ji ba. Ta ja mayafi ta nufi bakin layi, ko gaisuwar masu shaguna ba ta amsa ba.

Kafinta na sunkuye yana goge katako, garin itace ya yi masa fari a gira. Da ya ga inuwa ya ɗago, ya ganta, sai ya leƙa bayanta yana neman Auta. Da bai ga kowa ba ya ajiye abin gugar a hankali ya ce, "Wa ya rasu?"

Wannan tambayar ce ta ƙarasa tunzura ta. Ta tsaya ta hagunsa ta sauke masa duk abin da ke cikinta. Ta ce ba wanda ya rasu, 'yarsu ce za su binne da ranta. Ta ce shi da ita sun mai da yarinya 'yar aike, Auta kuwa sai ta tafi makaranta ko da jan ta za a yi. Ta ce daga yau in yana da magana ga ta nan, mai daɗi ko marar daɗi, ta fito daga bakinsa. Har kujerar ba ta bari ba, ta ce abin kunya ne matar kafinta ta tsufa a kan ƙyalle.

Ta tsaya tana haki, tana jiran ya rama. Shi kuwa bakinta kawai yake kallo.

"Dawo ta nan gefen," ya ce, yana nuna damansa. "Kunnen hagun ya daɗe da mutuwa, injin yankan katako ne ya cinye shi. Auta ta sani, kullum ta nan take tsayawa."

Mai Keke ta daɗe tana dubansa. Gado ɗaya suke kwana da mutumin nan. Idonta ya cika, ba ta goge ba, don har yanzu ranta a ɓace yake. Ta tsallake tarin katako ta zagaya damansa, ta jawo sabuwar kujerar da ya yi wa wani ta zauna a kai, ta gyara tabaranta, ta fara maganar daga farko.