Bencin Baya na Masu Talla

A ƙarshen shekarun casa'in, bayan na gama bautar ƙasa, na samu aiki a ofishin taimakon manoma na ikilisiyarmu a Kafanchan. Ɗaki ɗaya ne a bayan majami'a, da tebur biyu, da buhunan irin citta a kusurwa, da kwamfuta guda wadda wasu baƙi suka bar mana. An ja mata waya daga ofishin Fasto. Idan an yi sa'a layi ya kama Jos, sai mu shiga intanet. Ni aka ɗora wa kula da ita, ba don na ƙware ba, sai don ni kaɗai ne na taɓa zama gaban irinta a jami'a.

Wata Talata da hantsi, in ban manta ranar ba, shugaban kwamitin ofishin ya shigo ya ga abin da ake ta magana a kai. Tsohon shugaban makarantar firamare ne, kowa Baba Hedimasta yake ce masa. Na buɗe masa wani shafi mai bayanin ruɓewar citta. Rubutu yana sauka a hankali, layi bayan layi. Kafin hoton ganyen ya iso, sai ga wani dogon talla a saman shafin yana walƙiya. Na gidan caca ne, da wata mace a gefe, babu kayan kirki a jikinta.

Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ɗana, wace ce wannan?"

"Baba, talla ne. Ban san ta ba."

"Ba ka san ta ba, amma ta san lambarmu?"

Na yi ƙoƙarin bayani, na kasa. A wurin Baba, waya ba ta ƙara sai wani ya buga lambarka, kuma wannan abu ta waya ya shigo. Saboda haka ko dai ni na kira ta, ko ita ta kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce kwamiti zai zauna ranar Asabar ta sama, zan buɗe musu kwamfutar a gaban kowa, idan irin wannan abu ya sake fitowa za a cire wayar a mayar wa Fasto abinsa.

Ni dai ba na son a cire ta, kuma ba don kaina kawai ba. A damunar nan cittar mata da yawa tana ruɓewa tun a ƙasa. Shugabar zumuntar mata, wata dattijuwa daga Fadan Kagoma da muke kira Mama, takan zo da ganye a leda mu gwada shi da hotunan da ke intanet. Ba zan ce hotunan suna warkar da gona ba, amma aƙalla muna sanin da me muke faɗa kafin a sayi magani.

Washegari na hau mota zuwa Jos wurin wani abokin karatuna da ke gyaran kwamfuta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba ni faifai uku, kowanne da manhajar hana talla a ciki. Na tambaye shi wacce ta fi. Ya ce duk ɗaya ne. Ban yarda ba. Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, na ja layi na raba shafin farko gida uku, na ƙudura cewa ba zan zaɓi ko ɗaya ba sai na gwada kowacce a kan shafukan intanet goma iri ɗaya.

Ta farko ta ba ni mamaki. Babu talla ko ɗaya. Shafi yana buɗewa da sauri kamar ba layinmu ba. Sai a shafi na uku na lura cewa ba talla kaɗai take kashewa ba, kowane hoto take haɗiyewa. Duk da haka zuciyata ta kwanta da ita. Na ce wa kaina, da wannan ba wanda zai kunyata ni ranar Asabar.

A ranar Mama ta shigo da ledarta. Ta zaro ganye mai rawaya-rawaya ta ɗora a kan teburina, ta ja kujera.

"Yawwa, ɗana, buɗe mu gani."

Na buɗe. Rubutu ne zalla daga sama har ƙasa.

"Ina hoton?"

"Mama, na ɗan rufe shi ne. Saboda maganar Baba. Wataƙila na ɗan lokaci ne."

"To mene ne amfaninta? Turanci kam akwai shi a littafi. Na biya mota tun daga gida in zo ka karanta min Turanci?"

Ta mayar da ganyenta leda.

Ta biyu ba ta ɗauke ni lokaci ba. Tana barin hotuna, tana kama talla da dama, amma ta fi ƙarfin kwamfutarmu. Sau biyu komai ya tsaya cak sai da na kashe daga bango. Na rubuta a gidanta: ba ta mu ba ce.

Ta uku ita ce ta hana ni sukuni. Ba ta kashe komai sai abin da aka faɗa mata. Tana da jerin adireshin masu talla, duk wanda ke cikin jerin ba ya shigowa, sai dai a ga fili a gurbinsa. Amma wanda ba ya ciki, hanyarsa a buɗe take har sai ka ɗora linzamin kwamfuta a kansa, ka karanta adireshinsa a ƙasan allo, ka ƙara shi da hannunka. Hoton citta yana fitowa tsaf. Alkawari ne dai ba ta yi.

Akwai mai buga mana takardu a ɗaya teburin, dattijo Inyamuri da aka haifa a kwatas ɗin reluwe, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Oga muke ce masa. Ya gaji da ganina ina jujjuya faifai biyu a hannu.

"Malam, tsoro naka ya yi yawa," in ji shi. "A reluwe, in wago ɗaya ya lalace, ba mu rufe layi duka ba. Mu rubuta lamba nasa, mu tura shi gefe, jirgi ya wuce. Kawo littafi. Kai karanta, ni rubuta."

"Oga, in wani sabo ya ɓullo a gaban kwamiti fa?"

"Sai mu rubuta shi ma. Biro ya ƙare ne?"

Haka muka yi kwana biyar, kowace safiya da zarar layi ya kama. Ina karanta adireshi harafi-harafi, Oga yana rubutawa da kyakkyawan hannunsa na ma'aikatan da, ni kuma in shigar da shi cikin jerin, mu sake buɗe shafin mu tabbatar ya tafi. Wani sai na duba sau uku. Matar gidan cacar ita muka fara rubutawa.

Ranar Asabar na zo da faifan farko a aljihun riga. Ba zan ɓoye ba, har na zaro shi. Minti biyar sun isa in saka shi kafin su iso. Na tuna Mama tana mayar da ganyenta leda, sai na jefa shi cikin durowa na kulle.

Mutum bakwai suka cika ɗakin, har da Fasto da Mama, wasu a kan buhunan citta. Kafin in taɓa komai na miƙe na ce, "Baba, ba zan iya yi muku alkawarin cewa talla ba zai ƙara fitowa ba. Abin da zan iya cewa shi ne, wanda ya fito sau ɗaya ba zai fito na biyu ba."

Na buɗe shafin nan da Baba ya gani ranar Talata. A inda matar take, fili ne fari. Hoton ganye ya sauko a hankali.

"Shi ne!" in ji Mama. "Irin na gonar ƙanwata ke nan sak."

Na fara sakin numfashi. Na manta cewa Baba hedimasta ne, ba ya tambayar ɗalibi daga shafin da ya haddace.

"Wannan ka shirya shi," ya ce. "Buɗe mana wani. Na masara."

Na nemo na masara. Rubutu ya fara sauka, sai ga shi a sama, ja da kore, katin caca suna juyawa. Wani dattijo ya yi gyaran murya.

"Malam, karanta," in ji Oga, ya riga ya buɗe littafi.

Na ɗora linzami, na karanta, ya rubuta, na shigar. Sannan na matsa gefe na nuna wa Baba maɓalli ɗaya.

"Baba, ku danna nan da hannunku."

Ya dube ni, ya dubi maɓallin, ya danna da ɗan yatsa ɗaya kamar mai taɓa garwashi. Shafin ya ɓace ya dawo. Masara tana nan, katin babu.

Baba ya karɓi littafin daga hannun Oga, ya bi layukan da yatsa har ƙasa. A ikilisiyarmu, wanda ya yi laifi akan rubuta sunansa a sa shi horo, ya koma bencin baya, sauran jama'a su ci gaba da sujada. Ina jin abin da ya gani ke nan.

"Wato ba kai kake kiransu ba. Shigowa suke yi, kai kuma kana sa su a bencin baya."

"Kusan haka ne, Baba."

"Kusan, ko haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"In ya tuba fa?"

"Wannan ba mai tuba ba ne," in ji Mama. "A bar shi can."

Aka yi dariya, har da Fasto. Baba ya zaro biro ya sa hannu a ƙasan shafin ƙarshe, ya ce a riƙa kawo littafin kowane zaman kwamiti ya duba. Ba wanda ya ƙara ta da maganar waya. Suna fita Mama ta ja kujera kusa da ni, ta kwance ledarta.

"Koma kan citta, ɗana. Masara ta Baba ce."