Sifikun Kujerar Gefe

Mai haɗa sauti ya ga masu mota iri-iri, amma wannan ya hana shi sakat. Mutumin dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, makulli na ta kaɗawa a yatsansa. Yana shiga motar, yana fita, yana zagayawa.

Ƙananan sifikun nan masu fitar da siririyar murya ake kafawa a gindin gilashi, kuma kowa kunnen direba yake so su kalla.

"A'a, Malam, juya su can," in ji mutumin.

"Yallaɓai, kai fa za ka riƙa jin waƙa kamar daga maƙwabta."

"Na ji. Juya."

Sai ya koma kujerar gefe, ya zame har kansa ya dawo tsayin yarinya. Ya rufe ido yana saurare, gwiwarsa na rawa.

"Ƙara sunkuyar da ta dama."

Mai haɗa sauti yana riƙe da gam, yana hasashe. Wataƙila 'yarsa ce, wadda yake ɗauka ran hutu kawai, tana zaune shiru tana kallon taga.

Mutumin ya buɗe ido. "Tsakaninka da Allah, Malam, wannan zai sa ta cire iyafis ɗinta daga kunne?"