Shirun 'Yar Tela

Shekara goma sha ɗaya ina kai wa Tela ɗinki, tun yana ɗan shagonsa a bayan gidan waya, inda na yi aikin akawu har na yi ritaya. Mutum ne mai tsabtar aiki. Yakan auna ka sau biyu kafin ya rubuta da fensir, yadda aka koya mana yin komai a makarantar mishan, zamanin da ba a gaggawa.

Matarsa tana aikin shara a asibiti daga safe zuwa la'asar, don haka 'yarsu Auta a shago ta girma. Likita ya ce galahanga gare ta: ba ta haɗa ido da mutum, ba ta son a taɓa ta, kalmominta ba su kai ashirin ba. Mazauninta ƙarƙashin teburin yanka. Can take jera maɓallai layi-layi, tana wani ɗan amo a hanci daidai da bugun keken ɗinki. In aka gusar mata da maɓalli ɗaya, duk unguwar sai ta ji ihunta.

"Baba Akawu, gaida manaja tukuna," Tela yakan ce mini. "Ni yaron shago ne kawai."

Auta tana da shekara tara aka zo faɗaɗa titi, aka rushe shagunan. An ba Tela rumfa a sabuwar kasuwa, tsakanin mai walda da mai injin niƙa. Teburin ya ƙi shiga ƙofa, aka bar shi. Mako uku Auta tana toshe kunnuwa tana buga kai da bango. Ranar da tartsatsin walda ya faɗo mata a ƙafa ta yi kuka na ƙarshe, daga nan ta yi shiru.

Maƙwabta suka yi ta barka. "Tela, yarinya ta warke!" in ji mai niƙa. "Injina ne maganin, a zo a yi mini godiya." Gwaggonta ta ce ai dama ta faɗa, girma zai gyara ta. Tela ma ya yarda, domin a karon farko ya gama riga uku a yini ɗaya.

Wata Talata da ƙarfe goma na je gwajin wando. Auta tana zaune kan buhun ƙyallaye, fuskarta ga bango. Maɓalli ya suɓuce wa ubanta, ya gangara har gaban ƙafarta. Ko motsi ba ta yi ba.

"Ɗana, yaushe rabon yarinyar nan da cin abincin kirki?" na tambaye shi.

Ya tsayar da keken. "Tana ci, Baba. Loma biyu, uku." Ya dube ta da kyau, sai na ga fuskarsa ta canza.

Da suka kai ta asibiti, likita ya ce musu ciwon damuwa ne ya kama ta. Yara irinta, in ji shi, tashin hankali yakan taru musu ba su da bakin faɗa, har su saki komai. Ya ce a raba ta da ƙarar nan, a mayar mata da yini irin wanda ta saba.

"Gaskiya ya faɗa, amma ina zan kai ta?" Tela ya ce mini. "Makaranta sun ce ba su da malamin irinta. Gida ba kowa. In uwarta ta ajiye aiki, ɗakin da muke ciki na ma'aikatan asibiti ne, waje za mu koma. Keke kuma an hana bugawa a can."

Ya roƙi mai walda ya ɗan matsa gaba. "Faɗa wa ƙarfen ya rage murya, maigida," in ji mai waldan. "In ya ji, ni ma na ji."

Ni na rubuta masa takardar neman canjin rumfa, da hannuna, kwafi biyu. Watan takardar biyar ke nan a ofishin kasuwa.

Yanzu Tela yana buɗewa da ƙarfe shida, ya kulle tara da rabi kafin injina su tashi, ya tafi da Auta gida yana kalmasa da hannu a gefenta. Ta ɗan ƙara ci, amma har yau bango take kallo. Jiya da sha ɗaya na wuce rumfar. Wata mata da ƙunshin yadi ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta tsallaka wurin wani telan.