Tafkin da Garba Ya Fara Haƙawa a Kwamfuta

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar ƙanena Garba, kuma har yau in na tuna abin da na faɗa masa a bakin tafkin ƙauyenmu sai kunya ta rufe ni.

Ƙauyen namu yana tsakanin Moriki da Zurmi. Tafki ɗaya gare mu, mu sha, shanu su sha, kuma duk shekara sai ya ƙafe tun bazara ba ta yi nisa ba. Maganin da muka gada shi ne gayya. Da ya ƙafe sai a buga ganga, a fito da fartanya da kwanduna a ƙara masa faɗi kafin damina. Ni ke jan gayyar. Mu faɗaɗa bana, baɗi ya ƙafe da wuri fiye da bara, mu ce ƙaddara ce.

Garba kuwa malami ne a Ƙaura Namoda. Lokacin jiharmu sabuwa ce fil, ga shari'a an ƙaddamar, tasha da kasuwa zancenta ake yi, amma gogan naka ba ya da zance sai na tururin da rana ke kwashewa daga ruwa. Ya zo ya auna tafkin da igiya da gora, ya koma ya zuba wa kwamfuta faɗinsa da zurfinsa, da zafin rana, da ƙarfin iska. Ita kuma ta riƙa nuna masa yadda ruwan zai ja baya wata bayan wata. In an ɗauke wuta aiki ya lalace, ya sake daga farko. Taurin kai dai na gidanmu ne.

Ranar gayya sai ga shi da takarda. Ya ce, "Yaya, duk taku ɗaya da kunka ƙara, rana da iska kunka ƙara wa abinci. Ta sama ruwa ka gudu. Ku bar faɗi, ku yi ƙasa."

Na fusata. A gaban jama'a na ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle akwatin da bai taɓa jin ƙishirwa ba. Aka yi dariya. Shi kuwa sai ya naɗe hannun riga ya ɗauki diga. Maigari ne ya raba gardama, ya ce shi dai bai taɓa ganin rijiya ta riga kududdufi ƙafewa ba, a gwada ta yaron. Na yi haƙar ina ƙunƙuni.

Damina ta cika tafki. Kafin a gama girbi zazzaɓin 'yan kwanaki ya ɗauke Garba. Bazarar da ta biyo, ni kaɗai nake zuwa in duba ruwan, rabin zuciyata na jiran ya ƙafe, Allah ya yafe mini. Bai ƙafe ba. Har hadarin farko ya haɗo shanu na sha. Gani ya kori ji, sai dai wanda zan gaya wa yana ƙasa.

Da zai dawo yau, wayar da ke aljihun jikana za ta ba shi dariya, don an ce ta fi kwamfutarsa ƙwaƙwalwa. Sauran abubuwan kuwa kuka za su sa shi. 'Yan bindiga sun kwashe shanun, da yawanmu mun dawo Ƙaura da zama. Amma kwanan baya wani direban garinmu ya shaida mini cewa a tsakiyar bazarar nan akwai ruwa a tafkin, kuma matan da suka rage ba sa shiga daji neman ruwa, inda wasu ke zuwa ba su dawo ba.

Garba bai bar gadon gida ba, bai bar na mota ba. Ya bar mata da 'yan mata suna ɗibar ruwa a inda mutanen gari ke hango su. Allah ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Kai ke da gaskiya, ƙanena, kuma ni ne yayanka, ina alfahari in faɗa.