Iro, Golan da Muka Saya da Shuka

Ranar da muka buga wasan ƙarshe a Ƙanƙara ba ta taɓa fita daga raina ba. Tunda kun ishe ni da tambayar wane ɗan wasa muka taɓa ɗauka da arha ya fi kowa amfani, to ku gyara zama. Ku yaran yanzu da kun ji an ce sayen ɗan wasa sai hankalinku ya tafi kan kuɗi. Mu namu da shuka muka biya.

Lokacin kuɗin mai ya fara gudana, duk inda ka juya kwangila ce. Ina akawu a wani kamfanin gina hanya da ya kafa sansani kusa da Faskari. Manajanmu, Alhaji Sada, mutum ne mai son ƙwallo kamar ransa, ga saurin fushi, korar ma'aikaci a wurinsa ba ta fi shan ruwa wuya ba. Shi ya kafa wa kamfanin ƙungiya, jama'a suka sa mana suna 'Yan Kwalta, ni kuma aka ɗora mini sakatare a kan aikina. Ga wanda bai sani ba, a zamanin ba a sayen ɗan wasa yadda ake yi yanzu. Aiki ake ba shi a kamfani, ya leƙa ofis da safe, da yamma ya fita atisaye. Sakatare shi ke nemowa, shi ke ciniki, shi ke rajista wurin masu shirya gasa, in an sha kashi kuma shi ke shan faɗa.

Alhaji Sada ya ɗauko manya daga Kaduna da Zariya, har da wani ɗan Gana mai buga gaba, Kofi. An ba su ɗaki mai fanka, an saya wa kowannensu babur. Suna zura ƙwallo, ba a musu, amma gidanmu a buɗe yake. Golan da aka kawo da tsada, in aka ɗaɗo ƙwallo da ƙarfi har runtse ido yake yi.

Wata rana a farkon rani na raka masu awo Tafoki duba wurin ɗibar marmara. Da la'asar na iske samarin garin suna ƙwallo a wani fako, ba mai takalmi a cikinsu. Tsakanin sanduna biyu ga wani dogon saurayi yana zubewa a kan busasshiyar ƙasa ba ko ɗar, duk abin da aka bugo sai ya mutu a hannunsa. Na tambayi sunansa, aka ce Iro. Na ce masa ga aiki ga ƙwallo, ya sunkuyar da kai ya ce sai abin da Baba ya ce.

Baba Mantau tsoho ne, bayansa ya riga ya ranƙwafa, kuma Iro ne kaɗai namijin da ya rage masa a gona. Na durƙusa na yi ta zuba masa bayanin albashi. Ya bar ni har na gaji don kaina.

"Malam akawu," in ji shi, "kuɗi ba su riƙe sungumi. Rani naku ne, ku tafi da shi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, nawa ne. Kuma ku zo ku kama mani shukar, tunda kun ce kuna da majiya ƙarfi."

Na ce an gama, Baba. A raina ina dariya, ina cewa yau na yi tsintuwa.

"Da saura," ya ce. "Da ƙafarshi ka ɗauke shi, da ƙafarshi za ka maido mani shi. Ni ban san kamfani ba, kai na gani."

Wannan ma na amsa, ban ko tsaya na auna nauyinta ba.

Aka rubuta Iro a lebura, aka saya masa takalmin ƙwallo, shi ke nan abin da kamfani ya kashe. Ranin nan kuwa ya rufe mana gida ruf. Mun je Mairuwa, mun je Funtuwa, mun je ƙauyukan da ake jifar baƙi da hoge, yaron nan ko gezau. Alhaji Sada in ya yi baƙi sai ya aika a kira shi, ya nuna musu, ya ce ga golan da ya samu a farashin takalmi. Ya samu fa, ba na samo ba. Haka aikin yake, in abu ya yi kyau na manaja ne.

Muka kai wasan ƙarshe na kofin da wani attajiri ya sa, mu da 'yan Sabuwa, za a buga a Ƙanƙara don kada a ce an yi a gidan wani. Da an bi tsarin farko, da an gama tun kafin hadari ya fara leƙowa. Sai mai kofin ya yi tafiya, aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Kullum in na fito ofis sai na dubi gabas gabana yana faɗuwa. Ana gobe wasa, da la'asar, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Da safe na iske Iro a bayan sito ya tona ƙasa da hannu. Haka manoma ke gane ruwan shuka, in damshi ya nutsa sosai to iri zai kama. Hannunsa ya shige har wuyan hannu, ƙasar a jiƙe. Ya miƙe ya shiga ɗaure kayansa.

Na tafi wurin Alhaji Sada na faɗa masa. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Malam Lawal, yau da yamma ko in ga Iro a raga, ko gobe in ga kayanka a bakin titi."

"Ranka ya daɗe, alkawari muka yi da mahaifinsa."

"Ni na yi?"

Ban daɗe da ɗauko iyalina zuwa gidajen kamfani ba, ga jaririya a hannu. Wallahi na tsorata. Sai na roƙi tifa ɗaya da direba, na ce bari mu je mu biya tsohon abinsa, ko Allah zai sa ya ara mana yinin. Leburorin da ke cikin ƙungiyar duk 'ya'yan manoma ne, suka haye ba musu. Manyan kuwa suka ce ba noma suka zo yi ba. Kofi har da dariya, ya ce ƙafarsa ta wasan yamma ce.

Muka isa Tafoki hantsi bai gama ɗagawa ba. Iro ya ɗauki sungumi ya shiga gaba yana sara, mu muna biye, a jefa iri a rami a rufe da diddige. Ni da rabona da gona tun ina makaranta, ƙuguna ya gaya mini. Kafin azahar mun shuke geron gonar kaf. Baba Mantau yana zaune a gindin kuka yana kallo. Na je na durƙusa na roƙe shi aron Iro zuwa gobe.

Ya daɗe yana duban sama. "Hadarin ga bai gama ba," ya ce. "Amma kun cika naku. Ku tafi. Ka dai tuna abin da muka yi da kai."

Filin Ƙanƙara ya cika maƙil, har kan bishiyoyi. Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani. A da turakun raga na katako ne, amma Alhaji Sada ya sa aka ƙera na bututun ƙarfe a garejin kamfani, aka shafa musu farin fenti, ya ba filin kyauta. Ranar ce aka fara amfani da su, kowa yana yabawa.

Kofi ya ci mana ɗaya kafin a tafi hutu. Da aka dawo 'yan Sabuwa suka tare a gidanmu, Iro yana ta fitar da mu kunya. Can sai iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin, aka fara walƙiya ana rugugi. Yayyafi ya sauko. Na matsa kusa da Alhaji na ce a yi wa alƙalin wasa magana ya tsayar. Ya ce lokaci ya kusa cika, in an tsaya yanzu 'yan Sabuwa za su ce a sake daga farko. Alƙalin shi ma yana ta duban sama yana duban taron, ya rasa wanda ya fi tsoro.

Haske na fara gani, fari fat, har idona ya rufe. Ƙarar kuwa ban iya kwatanta muku ita ba, a cikin ƙirjina na ji ta. Da na buɗe ido mutane suna ta gudu suna tattake juna, 'yan wasa sun zube wasu suna rarrafe. Kowa ya tashi, ban da Iro. Yana kwance rub da ciki kusa da turken dama, ga wani wari kamar an babbaka fata.

Waɗanda ba su gudu ba suka yi masa zobe daga nesa. Wani dattijo yana ɗaga hannu yana cewa, "Kada wanda ya taɓa shi, a kira maƙera!" Wannan al'adar ƙasarmu ce. In aradu ta faɗa wa mutum ko ɗaki, ba mai kusanta sai maƙera sun zo sun yi abin da suka gada, a zuba nono, sannan a ɗauka. An ce wanda ya riga su taɓawa, ita za ta biyo shi. Unguwar maƙera kuwa tana can cikin gari, ga ruwa ya sauko da ƙarfi.

Kada ku zaci don ina akawu na fi ƙarfin wannan magana. A cikinta aka haife ni, kuma na yarda da ita har zuciyata. Amma duk inda na juya ido, tsohon nan nake gani a gindin kuka. Na auna tsoron aradu da tsoron in shiga Tafoki ni kaɗai, na ga na biyun ya fi. Na yi kalmar shahada na taka.

Na birkito shi. Takalminsa ɗaya ya tsage, idanunsa a kafe. Na kara kunnena a bakinsa, na ji numfashi siriri. Na ɗaga kai na ce a kama mini, yana da rai. Ba wanda ya motsa. Leburorin da muka yi shuka tare suna kuka, amma ƙafarsu ta ƙi. Sai ga Kofi ya ratsa mutane. Shi bai san wata maganar maƙera ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya kama ƙafafun Iro ya ce da gurguwar Hausarsa, "Sakatare, mu tafi." Mutumin da na yini ina zagi a raina ke nan.

Direban tifa ya ce shi kam a kore shi, ba za a sa masa wanda aradu ta taɓa a mota ba. Alhaji Sada ya buɗe tasa motar ya shiga gaba da kansa. Muna cusa Iro sai wata Bafulatana mai tallar nono ta sheƙo da gudu ta juye mana ƙwaryarta, ni da shi duka, ta ja da baya.

Hanyar Malumfashi ban taɓa ganin tsawonta irin na ranar ba. Kan Iro yana bisa cinyata, hadarin yana biye da mu. Duk walƙiyar da aka yi sai in runtse ido in ce tawa ce ta iso. Alhaji yana tuƙi yana salati, mutumin da ɗazu yake maganar kayana a bakin titi.

A asibiti Allah ya taimaka, ya farfaɗo. Washegari na aika direba Tafoki da labari. Na zaci tsohon zai biyo shi, ko ya aiko da faɗa, da ya fi mini sauƙi. Direba ya dawo ya ce Baba ya ce yana jira. Kwanakin da muka yi a asibitin abinci bai wuce mini da daɗi ba. Tafin ƙafar Iro ya ƙone amma ya warke, sai dai likita ya ce kunnensa na hagu ya tafi ke nan.

Ranar da aka sallame shi na sa aka tsayar da mota a bakin Tafoki, na ce ya sauka ya taka. Muka bi hanyar gona, yana ɗan ɗingishi, ina bayansa. Geron da muka shuka ya tsiro layi-layi. Baba Mantau yana gindin kukar nan, ya zuba wa ƙafafun ɗansa ido tun daga nesa har muka iso. Iro ya durƙusa a gefensa. Tsohon ya yi masa magana a hankali ta wajen hagu, bai amsa ba. Ya sake, shiru.

Na zube ƙasa na ce, "Baba, kunnen nan ba ya ji. Likita ya ce ba zai dawo ba."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "An ce mani kai ka ɗauke shi kafin maƙera su zo."

"Ni ne, Baba."

"To, ƙafa muka yi da kai, ga shi kuwa da ƙafarshi. Kunnen, wanda ya ba shi ne ya karɓa. Tashi, ka cika alkawari."

Ni da ban yi kuka a fili ba, ban yi a mota ba, a nan na yi, gaban tsoho da ɗansa.

Kofin gasar an ba mu, ya zauna a ofishin Alhaji Sada yana shan ƙura. Iro bai ƙara tsayawa a raga ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Turakun ƙarfen kuwa mutanen Ƙanƙara da kansu suka tumɓuke su.

To kun ji golan arha. A cikin duk waɗanda na yi wa rajista ba wanda ya yi mana aikinsa, ba kuma wanda aka kashe wa ƙasa da shi. Amma abin da aikin nan ya koya mini shi ne, wanda ka ɗauko da kuɗi, in ka biya sai ka yi barcinka. Wanda uba ya danƙa maka hannu da hannu, ba ka gama biya ba sai ka mayar da shi ƙofar gida. Kowane yaro da kuke gani a filin nan akwai mai zaune yana jiran ƙafarsa. Shi ya sa har yau in hadari ya taso nake shiga fili da sandata in kore ku, ko saura minti ɗaya a tashi. Ku ci gaba da ce mini Baba matsoraci, na amsa.